Tsallen Katanga: Daga Ina Parkur Ya Fito, Me Ya Sa Ya Kama Mu?

Gabatarwa

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya saba zaman fada a Diffa, ko Geskeru, ko Maine Sorowa, ya san akwai fina-finan da ba sa tsufa a cikin waya. In memori ya cika a goge waƙa, a goge hoto, amma Banlieue 13 yana nan daram. Wasu ma ba fim ɗin gaba ɗaya suke riƙewa ba, mintocin farko kawai, inda saurayin nan mai zane a jiki yake tsere wa ƴan daba: ya kutsa ta ƴar tagar da ke saman ƙofa, ya bi matakala, ya kama igiya ya zagaya bango, ya dira kan rufin wani bene. An gani sau hamsin, amma in aka sake kunnawa sai mai zuba shayi ya tsaya da buta a hannu.

In ka tambayi dalili, amsar da za a ba ka ita ce: ai babu haɗin kwamfuta, da jikinsa yake yi. Haka ne, amma amsar ba ta isa ba. Ƴan kokawa ma da jikinsu suke yi. Akwai wani abu a cikin wannan gudu da tsalle da yake taɓa matashin da ya tashi a bakin Komadugu cikin shekarun nan, kuma sai an bi tarihin wasan sannan a gane shi. Sunan wasan parkur. Tarihinsa ya biyo ta barikin soja, ta ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, ta unguwannin talakawa na bayan Paris, kafin ya shigo aljihunmu. In muka bi sawun, za mu tarar waɗanda suka ƙirƙiro shi ba burgewa suka sa gaba ba. Tambayarsu ita ce: ƙarfin da ke jikinka, wa zai amfana?

Kafin Faransa: kaboyi da Shinuwa

Kwaikwayon jarumin fim ba mu muka fara ba, kakanninmu sun riga mu. A 1958 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya fitar da fim ɗin Moi, un noir, a kan samarin Nijar da suka tafi ci-rani unguwar Treichville a Abijan. Samarin nan, masu dako da aikin lebura, kowa ya laƙaba wa kansa sunan wani ɗan fim: wannan Edward G. Robinson, wancan Eddie Constantine, wani kuma Tarzan. Mai sunan Robinson ɗin shi ne Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim, har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, kuma yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai. A riƙe wannan: kafin ya je Abijan, Ganda ya yi aikin sojan Faransa a yaƙin Indoshin, wato Biyetnam ta yanzu da maƙwabtanta. Za mu sake haɗuwa da wannan ƙasa a gaba.

A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Suka sa huluna, suka hau dawaki, suka canza sunaye, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa. Ka ga ashe shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai, ɗan Nijar ya riga ya hango abin da ke faruwa in matashi ya ɗauko rigar fim ya bar hankalinsa a gida.

Bayan kaboyi sai zamanin Shinuwa. Bruce Lee ya rasu a 1973, shekarar da Enter the Dragon ya fito, amma a ƙasashenmu lokacin ne ma rayuwarsa ta fara. Jackie Chan ya biyo, sai Jean-Claude Van Damme da Bloodsport a 1988. Shi Van Damme da yawa suna ɗaukar sa Bafaranshe, alhali ɗan Beljiyam ne. Da kaset ya zo, gidan kallo ya koma rumfar zana da benci da janareto, a biya ƴan daloli a shiga. A nan yara suka koyi raba duniya gida biyu, aktar da shef-bandi. Ana tashi daga kallo kowa ya ɗaure ƙugu da ɗankwalin uwarsa, a shiga yashi ana kumfu. Saboda haka lokacin da fina-finan Faransa masu tsalle-tsalle suka iso, sun tarar da fili a share.

Sojan ruwa da dutse mai aman wuta

Asalin parkur yana komawa ga wani hafsan sojan ruwan Faransa, Georges Hébert, wanda aka haifa a 1875 ya rasu a 1957. Ranar 8 ga watan Mayu 1902 dutsen Pelée da ke tsibirin Martinik ya yi aman wuta, ya shafe birnin Saint-Pierre, mutane wajen dubu 30 suka halaka. Hébert yana cikin sojojin ruwan da suka yi aikin ceto, aka kwashe ɗaruruwan mutane. Abin da ya gani a ranar ya zauna masa a rai: a lokacin masifa, ƙirar jiki ba ta ceton kowa. Wanda ya iya gudu, ya iya iyo, ya iya hawa, ya iya ɗaukar wani a kafaɗa, kuma yana da zuciyar komawa ya ɗauko na baya, shi ne mai amfani.

Da ya koma gida sai ya tsara hanyar motsa jiki da ya kira hanyar ɗabi'a. Ya kasa ta gida goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, daidaita tsayuwa a kan siririn abu, jifa, ɗaga nauyi, kare kai, da iyo. Manufar da ya ɗora komai a kai ita ce mutum ya yi ƙarfi domin ya amfani jama'a. Daga tunaninsa ne aka samo filin atisayen nan na soja mai katanga da rami da igiya da gungume, wanda a Faransanci ake kira parcours du combattant. Duk wanda ya taɓa leƙa bariki ya ga irinsa. Daga kalmar parcours ɗin nan sunan parkur ya fito.

To ga inda abin ya shafe mu. Hébert bai ɓoye ba cewa a tafiye-tafiyensa, musamman a Afirka, ya ga mutanen da ba su taɓa shiga ajin motsa jiki ba amma sun fi sojan Turai juriya da sassauci, don rayuwarsu ce ta horar da su. Kada yabon nan ya ruɗe mu: irin yabon zamanin mulkin mallaka ne, wanda ake yaba jikin baƙar fata a manta da kansa. Amma a dubi jerin nan na goma a kwatanta da yinin masunci a Komadugu, ko makiyayi da ke bin shanu, ko manomin tattasai da ke jan ruwa da ɗaukar buhu. Wanne ne babu? Wato abin da aka gani a wurin irin mutanenmu aka rubuta shi a littafi, aka kai bariki, bayan shekaru kusan ɗari ya dawo mana a fim muna buɗe baki.

Uba ɗan kwana-kwana, ɗa ɗan unguwa

Wanda ya haɗa bariki da unguwa shi ne Raymond Belle. An haife shi a Indoshin a 1939, yaƙi ya raba shi da iyayensa, ya tashi a makarantar soja ta yara a garin Dalat. Ƙasar da Oumarou Ganda ya je yaƙi yana matashi, a can wannan yaro yake koyon hawa da tsalle don kada a fi ƙarfinsa. Bayan Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954 aka kai shi Faransa, daga baya ya shiga rundunar ƴan kwana-kwana ta Paris, wato pompiye, inda ya yi suna wajen aikin ceto.

Ɗansa David Belle, wanda aka haifa a 1973, shi ne saurayin nan na farkon Banlieue 13. Ya ji labaran horon da ubansa ya sha, ya ɗauko su ya kai Lisses da Évry, garuruwa biyu a kudancin Paris. A shekarun 1980 shi da ƴan uwansa da abokansa suka mayar da unguwa filin atisaye: matakala, shinge, rufin makaranta, da wani dogon gini na kankare da ke wurin shaƙatawa, mai suna Dame du Lac. Ba su da kuɗin shiga kulob, ba su da kayan wasa, sai takalmi da bango.

A dubi su wane ne yaran. Sébastien Foucan, asalin iyayensa Gwadalup. Yann Hnautra, asalinsa Sabuwar Kaledoniya. Châu Belle Dinh, jinin Biyetnam. Guylain N'Guba Boyeke, ɗan Kwango. Ga Malik Diouf, da Charles Perrière, da Laurent Piemontesi, da Williams Belle. Yawancinsu ƴaƴan ƙasashen da Faransa ko wata ƙasar Turai ta mallaka ne. A 1997 suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Yamakasi. Da yawa in sun ji sunan sai su ce Japananci ne, saboda ya yi kama da Yamaha. A'a, daga harshen Lingala na Kwango yake, ma'anarsa mai ƙarfi, ƙarfin jiki da na zuciya. Ba a daɗe ba David Belle da Foucan suka ware. Belle ya riƙe sunan parkur, kuma ana danganta rubuta shi da harafin k ga abokinsa Hubert Koundé, ɗan wasan da ya fito a fim ɗin La Haine na 1995.

Yadda sinima ta saye tsallen

Faransawa dama suna son jarumin da ke yin abin haɗari da kansa. Jean-Paul Belmondo ya yi suna da haka: a Peur sur la ville na 1975 ya bi rufin gidajen Paris, ya hau saman jirgin ƙasa yana tafiya. Suna kuma da nasu damben na gargajiya mai haɗa hannu da ƙafa, savate. Amma wanda ya mayar da abin kasuwa shi ne Luc Besson. Dabararsa mai sauƙi ce: labari kaɗan, magana kaɗan, motsi da yawa, yadda wanda bai ji Faransanci ba ma zai gane. Ya rubuta Taxi na 1998, ya kawo Jet Li birnin Paris a Le Baiser mortel du dragon na 2001, ya yi Le Transporteur da Jason Statham a 2002, inda Corey Yuen na Hong Kong ya tsara faɗan. Wato ya auro gwanintar Shinuwa ya zuba ta a titunan Faransa.

A 2001 fim ɗin Yamakasi ya fito, ƴan ƙungiyar bakwai suka fito a ciki. Wanda ya kalla da kyau zai tuna yadda labarin ya fara: wani ƙaramin yaro, Djamel, mai ciwon zuciya, ya yi ƙoƙarin kwaikwayonsu ya faɗo. Sai an yi masa dashen zuciya cikin gaggawa, kuɗin kuma ya fi ƙarfin iyayensa, shi ne samarin suka shiga gidajen masu kuɗi don su haɗa. Mu yawanci tsallen muke tunawa, mun manta fim ɗin da kansa da faɗuwar mai kwaikwayo ya soma.

Sai Banlieue 13 a 2004, wanda Pierre Morel ya ba da umarni. A nan aka haɗa abu biyu. David Belle, a matsayin Leïto, shi ne gudu da tsalle. Cyril Raffaelli, a matsayin ɗan sanda Damien, shi ne faɗa, don ya yi karate da wushu, ya kuma yi makarantar ƴan wasan alkafura. Ɗaya yana kauce wa bango, ɗaya yana kayar da mai gadin bangon. Mafi yawan abin da suka yi ba igiyar ɓoye, ba kwamfuta, kuma kyamara tana ja baya ta nuna jiki duka daga tashi har dira. Shi ya sa ido yake yarda. Daga nan duniya ta ɗauka: Foucan ya fito a Casino Royale na James Bond a 2006, aka yi Banlieue 13 Ultimatum a 2009, aka sake fim ɗin da sunan Brick Mansions a 2014, da Paul Walker da shi David Belle.

Katangarsu da tamu

Yanzu mu zo kan tambayar farko. Labarin Banlieue 13 shi ne: a shekarar 2010 ta cikin fim, hukuma ta gaji da wata unguwa, ta zagaye ta da katanga, ta rufe makarantu, ta janye ƴan sanda, ta bar mutane da ƴan daba. Mutumin kirki a ciki yana tsakanin wuta biyu. Na waje suna kallon sa mai laifi saboda unguwar da ya fito, na ciki suna neman ransa saboda ya ƙi bin su.

Ɗan Geskeru ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa. Cikin kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawa babur, abin da ya kashe sana'ar kabu-kabu dare ɗaya. Aka sa dokar hana fita, aka rufe wasu kasuwanni, aka daɗe da hana cinikin tattasai da kifi, waɗanda su ne jijiyar arzikinmu. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Bayan harin Boso na Yuni 2016 dubban iyalai suka zube a gefen babbar hanya ta 1 cikin rumfunan zana da tamfol. Kogin da iyayenmu suke tsallakawa su ci kasuwa a Najeriya su dawo kafin magariba ya zama iyakar da ake tsoro. Makarantun ƙauyuka da yawa suka tashi.

Ba muna cewa jiharmu da unguwar fim ɗaya suke ba. Can marubuci ne ya zauna ya ƙago, nan kuwa an kashe mutane da gaske, kuma matakan tsaro suna da dalilinsu. Amma abin da matashi yake ji a jikinsa iri ɗaya ne: ga ƙarfi, ga lafiya, ga yini guda a gabanka, ba inda za ka. Shinge gaba, shinge baya. Sai ga wani a allo wanda bango ba ya tsayar da shi. Ba shi da mota, ba shi da bindiga, ba shi da uba a gwamnati, ƙafa biyu da hannu biyu kawai, irin naka. James Bond yana burge mu, amma mun san ba za mu taɓa mallakar motarsa ba. Leïto kuwa wando ɗaya gare shi. Wannan ne sirrin. Ba mu kaɗai ba ne kuma: a Zirin Gaza ma, inda aka fi kowa sanin katanga, samarin Khan Yunis sun rungumi parkur tun shekarun 2000.

Sai dai tarihi ya ajiye mana gargaɗi. Shekara ɗaya bayan fitowar fim ɗin, ranar 27 ga Oktoba 2005, a Clichy-sous-Bois da ke bayan Paris, wasu yara suna guje wa ƴan sanda suka haura katangar tashar wutar lantarki don su ɓuya. Biyu daga cikinsu, Zyed Benna mai shekara 17 da Bouna Traoré mai shekara 15, wuta ta kashe su. Unguwanni suka kama da tarzoma har mako uku, gwamnatin Faransa ta kafa dokar ta-ɓaci. A fim, in ka haura katanga ka tsira. A Clichy-sous-Bois an haura, ba a dawo ba.

Abin da kyamara ba ta nunawa

Tsallen da muke gani na daƙiƙa uku ne, amma lokacin da aka ɗauki Banlieue 13 David Belle ya haura shekara 30, ya kuma shafe fiye da shekara goma sha biyar yana atisaye. Masu wasan nan ba daga rufi suke farawa ba, daga ƙasa suke farawa. Abin da ake fara koya shi ne dira: a sauka a kan gaban tafin ƙafa, ba dunduniya ba, a lanƙwasa gwiwa, in tsayin ya yi yawa a mirgina ta kafaɗa ɗaya zuwa ƙugun ɗaya ɓangaren, yadda nauyin zai bazu maimakon ya taru a gwiwa da ƙashin baya. Ana maimaita tsalle ɗaya daga wannan layi zuwa wancan sau ɗaruruwa kafin a ƙara taku guda. Ana rarrafe da hannu da ƙafa har hannu ya yi kanta. A wurin ɗaukar fim kuwa ana auna tazara, a gwada ƙarfin bango, a maimaita, ga ma'aikatan lafiya a kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan a dubi gininmu. Lisses kankare ce da ƙarfe. Mu katangarmu ta laka ce ko bulon da siminti bai ishe shi ba, in damina ta jiƙa ta ko akuya ta hau sai ta zube. Rufinmu kwano ne, ba ya ɗaukar mutum, in ya yage kuma yankan wuƙa yake yi. Wanda ya karye a ƙauye, kafin a kai shi asibiti a Diffa an sha wuya, kuɗin kuma daga bakin ƙannensa za a cire. Mafi muni, a yankin da kowa ke ɗar-ɗar, saurayin da aka hango yana haura katanga da dare ba wanda zai tsaya ya tambaye shi ko atisaye yake. Ko a ce ɓarawo, ko a ce abin da ya fi ɓarawo. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Namu na gida

Kada wani ya ce to shi ke nan, a goge fim a zauna. Zama shi ne ciwon ai. Maganar ita ce ina za a kai ƙarfin. Ƙasar nan ba baƙuwar wasan ƙarfi ba ce. Tun 1975 aka fara gasar kokawa ta neman takobi a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko. A ƙarshen Disamba 2022 Diffa ta karɓi baƙuncin gasar, ƴan kokawar jihohi takwas suka hallara, Kadri Abdu da aka fi sani da Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi. Ga garin da aka daɗe ba a jin sunansa sai a labarin hari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A damben zamani Issaka Daboré ya ciyo wa Nijar tagulla a wasannin Olamfik na Munich a 1972. A taekwondo Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Shurin da muke gani a fim, ɗan Nijar ya yi shi a gaban alƙalai, an ɗaga tutarmu.

Akwai ɗaya fuskar kuma. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, ya ga samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram, ƴan ƙungiyoyin da ake kira pale, suna ɗaga ƙarfe, jiki kamar na aktar, amma aikin yi babu. Wasu sun bi hanyar daba, wasu fasa-ƙwaurin mai, wani kuma yana fafutukar mayar da abokansa kamfanin gadi. Ƙarfi ɗaya ne, hanya ce ta bambanta. Mu a nan mun san wata hanyar da ta fi wannan muni, don mun ga waɗanda aka yaudara da alƙawarin babur da kuɗi suka tsallaka kogi. Wasu sun dawo ta cibiyar tubabbu ta Gudumariya, wasu har yau iyayensu na jira. Masu ɗaukar matasa su ma ƙarfin nan suke nema, kuma sun san kasuwarsa.

Ga kuma inda ake buƙatar sa da gaske. A 2019 da 2022 Komadugu ya cika ya yi ambaliya, ya ci gonaki da gidaje a Diffa da Geskeru da ƙauyukan bakin kogi. A irin ranakun nan wa ake nema? Wanda ya iya iyo, wanda zai cika buhun yashi ya ɗauka ya tare ruwa, wanda zai goya tsohuwa ya fitar da ita, wanda zai tuƙa kwale-kwale. In ka duba, jerin nan ne na Hébert, kuma aikin nan ne na Raymond Belle. Ba kyamara, ba kiɗa, amma shi ne parkur na asali.

Kammalawa

Ranar 26 ga Yuli 2024, a bikin buɗe wasannin Olamfik na Paris, duniya ta kalli wani mai rufaffiyar fuska yana gudu a kan rufin gidaje da wutar gasar a hannu. Wasan da yaran unguwa suka fara ana korar su daga kan gini, shi ne Faransa ta yi ado da shi a gaban baƙi. Yaran Lisses ba su jira an gina musu fili ba, kuma ba su fara da rufi ba. Sun haɗu, sun sa wa kansu doka, babba yana kula da ƙarami, suka yi shekaru suna abu ɗaya.

Wannan kam muna iya kwaikwaya. Yashi muna da shi, wanda ya fi kankare sauƙin faɗuwa. Filin lakwal yana nan, mushen wasanni yana nan, tsofaffin ƴan kokawa da masunta da suka san ruwa suna nan. Kowace fada tana iya ware safiya biyu a mako: gudu, rarrafe, koyon dira, ɗaukar juna a kafaɗa, da koyon iyo a inda manya suka tabbatar babu haɗari. A bar katangar mutane, a bar rufi, a bar dare. Ƴan mata ma a ba su nasu lokaci, don ruwa in ya zo ba ya tambayar mace ko namiji. Mu ci gaba da kallon fim ɗinmu, ba laifi. Amma in ƙanenka ya ce zai yi irin na Leïto, ka ba shi labarin Djamel, ka ba shi labarin uban David Belle, sannan ka ja shi fili ku fara daga ƙasa.